Kan jirgin Yaƙin Hitila da ya ƙi mutuwa

FILIN TAMBAYA DA AMSA

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni makaniki ne a Kano, manyan motoci nake gyarawa. Kwanan baya wani yarona ya nuna mana bidiyo a waya, wani baƙin kan jirgin ƙasa mai tururi yana jan taragun kwal a wata ƙasa wai ita Bosniya, hayaƙi ya turnuƙe sama. An ce tun zamanin Yaƙin Hitila aka ƙera shi, kuma har yau yana bakin aiki. Nan fa gardama ta kaure a gareji. Wasu suka ce shirin fim ne, wasu suka ce ai ƙarfen Jamus ne, ba ya mutuwa. Tunda kai tsohon ma'aikacin reluwe ne, ka raba mana gardama. Kuma ko irinsa ne ya riƙa jan gyaɗa daga nan Kano? Daga mai karatunka kullum, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaida mini mutanen gareji. Masu cewa fim ne sun faɗi warwas. Masu cewa ƙarfen Jamus ne sun kama jela sun saki kai, domin wannan injin da kuka gani yana cikin mafi araha da rashin ado da Jamusawa suka taɓa ƙerawa. Da gangan aka yi shi haka, a gurguje, ba tare da an sa rai zai tsufa ba.

Abin da yaronka ya nuna muku yana faruwa ne a kewayen birnin Tuzla, inda kamfanin haƙar kwal na Kreka yake da ramuka a Dubrave da Šikulje. Injinan sukan ja taragu daga bakin rami zuwa mahaɗar babban layi, tafiyar 'yan kilomita, daga can a wuce da kwal ɗin tashar wutar lantarki ta Tuzla. Har cikin shekarun 2020 masu yawon ganin tsofaffin jirage suna zuwa suna ɗaukarsu hoto suna cikin aiki. Mutanen can suna kiransu aji na 33, lambar da aka ba su a zamanin da Bosniya take cikin ƙasar Yugoslabiya. A Jamus inda aka haife su, aji na 52 ne, ana kuma yi musu laƙabi da Kriegslok, wato kan jirgin yaƙi.

Sanyi ne ya haife shi. A watan Yuni na 1941 Hitila ya afka wa Tarayyar Sobiyet, yana zaton kafin hunturu ya gama da ita. Hunturu ya zo ya same shi a ƙofar Mosko. To, kai da ka saba da injin dizal, bari in gaya maka abin da kan jirgi mai tururi yake: tukunya ce ƙatuwa a kan ƙafafu. Wuta a baya, ruwa a tsakiya, tururi ya fita ya tura fistin, fistin ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. Ruwa ne jininsa, kuma yawancin jijiyoyin a waje suke, bututai da famfuna jere a jikin tukunya suna shan iska. Ni a loko na Kafanchan, wato garejin kawunan jirgi, na fara koyon aiki a 1964, kuma iyakar sanyin da na sani shi ne na asubar Jos, wanda ke sa spana ta ƙi riƙuwa a hannu. A can kuwa sanyi yana wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi, famfo ya tsage, man shafawa ya zama kamar kakide. Injinan Jamus masu kyau da tsada suka yi ta mutuwa a tsaye, sojoji na can gaba suna jiran abinci da harsashi da rigar sanyi.

Ba sanyi kaɗai ba. Layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi, milimita 1,524 a maimakon 1,435, sai da Jamusawa suka riƙa bin layin suna matso da ƙarfe ɗaya ciki. Kwanciyar layin ma ba ta da ƙarfi, ba ta ɗaukar inji mai nauyi. Wuraren shan ruwa sun yi nisa da juna, ga shi Rashawa suna fasa su in za su ja da baya.

A watan Fabrairu na 1942 ministan makamai Fritz Todt ya mutu a haɗarin jirgin sama, Albert Speer ya gaje shi. Aka danƙa harkar ƙera jirage a hannun wani injiniya mai suna Gerhard Degenkolb, aka ce ana son kan jirgi dubbai, yanzu-yanzu, da ƙarfe kaɗan da ma'aikata kaɗan. Ba su zana sabon abu daga tushe ba. Suna da wani injin jan kaya mai kyau, aji na 50, wanda aka fara a 1939. Shi suka ɗora a kan tebur suka yi masa fiɗa. Duk abin da jirgi zai iya tafiya ba tare da shi ba, a cire. Jan ƙarfe da tagulla da kuza ana bukatarsu wajen makamai, saboda haka aka maye kusan dukkansu da baƙin ƙarfe. Na'urar ɗumama ruwa kafin ya shiga tukunya, a cire. Faffaɗan ƙarfen nan na gefen hanci mai kore hayaƙi daga idon direba, a cire. Inda a da maƙeri zai daki sanda guda ya goge ta har ka ga fuskarka, yanzu sai a buga kawunan biyu daban a haɗa su da walda. Inda ido ba ya gani, ba a gogewa. Sassan inji suka sauko daga wajen 6,000 zuwa wajen 5,000. Abin da suka ƙara kaɗan ne, kuma duk darasin hunturu ne: suka rufe ɗakin direba ruf, suka naɗe bututai, suka ɓoye waɗanda za su ɓoyu. A watan Satumba na 1942 kamfanin Borsig da ke Hennigsdorf kusa da Balin ya fito da na farko, mai lamba 52 001, da fenti ruwan toka.

Ka koma ka ƙara kallon bidiyon, ka ƙirga ƙafafun. Za ka ga ƙanana biyu a gaba masu shiryar da shi a kwana, sannan manya goma, biyar kowane gefe, duk a haɗe da sanda. Mu a reluwe 2-10-0 muke kiran wannan tsari. Manyan ma ba wasu manya ba ne, tsayinsu mita 1.4, ba su kai kafaɗarka ba. Injin fasinja mai gudu yakan yi ƙafa mai mita 2, domin kowane juyi ya ci ƙasa da yawa. Na kaya kuwa ƙaramar ƙafa yake so, kamar yadda kake saka babbar mota a giya ɗaya in za ta hau tudu da lodi. Shi ya sa gudunsa bai wuce kilomita 80 a awa ba, amma ka jera masa taragu ka ga aiki. Yawan ƙafafun kuma dabara ce ta raba nauyi: kowace ƙafa biyu tana ɗauke da wajen tan 15 kawai. Wannan lamba ka riƙe ta, don ita ce rabin sirrin daɗewarsa. Duk wani lalataccen layi, duk wata gadar da aka gyara a gaggauce, zai bi ya wuce.

A bayansa akwai taragon guzurinsa. Wanda aka fi sani da shi kamar kwamin wanka yake, rabin ganga a kwance, babu firam a ƙasa, jikin tankin shi ke ɗauke da kansa. Yana cin lita 30,000 ta ruwa da tan 10 na kwal. Kuma wannan tan 10 ɗin, ɗana, mutum ɗaya ne ke ɗebe shi da shebur yana watsawa cikin wuta, jirgi na tafiya, ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa. Ba jibgawa ake yi ba, shimfiɗawa ake yi, kusurwa-kusurwa, in ka bar rami a wutar iska mai sanyi ta shiga tururi ya faɗi, direba ya harare ka. Na yi wata bakwai ina wannan aiki kafin a mai da ni gyara, har yau kafaɗata ta dama tana tuna mini in damina ta shigo.

An yi niyyar ƙera 15,000. Aka raba aikin ga masana'antu fiye da goma, duk da zane ɗaya: Henschel a Kassel, Krauss-Maffei a Munik, Floridsdorf a Biyena, Škoda a Pilsen, da wasu a ƙasar Folan da Faransa da aka mamaye. A tsakiyar 1943 ana fitar da kusan 500 a wata. Daga baya yaƙi ya juya, aka karkata ƙarfe da ma'aikata wajen tankokin yaƙi, jiragen sama kuma suna ta ruwan bama-bamai a kan masana'antun. Duk da haka kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an ƙera fiye da 6,000 cikin ƙasa da shekara uku.

A nan ina so masu yabon ƙarfen Jamus su ɗan dakata. Hannayen da suka yi waldar nan da yawansu ba na Jamusawa ba ne. Fursunonin yaƙi ne da mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, aka tilasta musu aiki cikin yunwa da duka. Cire sassa masu wuyar ƙira ma yana da nasaba da haka, ana son aikin da wanda bai taɓa koyon ƙira ba zai iya yi. Hukumar jiragen da ta mallaki injinan, Reichsbahn, ita ce kuma ta yi jigilar Yahudawa da sauran waɗanda aka yanke wa hukuncin hallaka, a cikin taragun dabbobi, zuwa sansanoni irin su Auschwitz da Treblinka. Ni mutum ne mai son inji, in na ga hoton 52 raina yakan yi fari da tsarinsa, amma ban taɓa iya kallonsa kamar yadda nake kallon namu ba.

Akwai wani reshe nasa da zai burge makaniki. Saboda ƙarancin ruwa a filayen kudancin Rasha, Henschel ya yi wa wasu, ba su kai 200 ba, dogon tarago mai fankoki a sama. Tururin da ya gama aiki ba ya fita ta bututun hayaƙi, sai a mai da shi baya, fanka ta sanyaya shi ya koma ruwa, a sake dafa shi. Kamar lagireto dai, amma mai tsawon ɗaki. Da haka injin yakan yi wajen kilomita 1,000 bai sha ruwa ba. Wannan dabara ta shigo Afirka bayan yaƙi, a injinan aji na 25 da Afirka ta Kudu ta saya a shekarun 1950 don ratsa busasshiyar ƙasar Karoo.

Da yaƙi ya ƙare, injinan suna warwatse ko'ina a Turai, kowa ya riƙe wanda ya tarar a gidansa. Tarayyar Sobiyet ta kwashi fiye da 2,000 a matsayin ganima, ta buɗa musu ƙafa daidai faɗin layinta, ta sa musu suna TE, T ɗin ma daga kalmarsu ta ganima aka ɗauko. Folan ta samu fiye da 1,000, ta kira su Ty2, ta kuma ci gaba da ƙera sababbi da sunan Ty42. Norwe ta gaji 74, ma'aikatanta suka yi musu laƙabi da Babban Bajamushe. Turkiyya tun ana cikin yaƙi ta karɓi 53. Ostiriya, Romaniya, Bulgeriya, Yugoslabiya, kowa da rabonsa. Abin da aka ƙera don rusa Turai, shi ya ja siminti da katako da kwal aka sake gina ta.

Ka lura da ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yar da shi: Jamus ta Yamma, mai kuɗi, wadda ta sallame su tun farkon shekarun 1960 domin tana da waɗanda suka fi su. Jamus ta Gabas da ba ta da wannan sukuni ta riƙe nata. Tukwanen yaƙin sun fara gajiya, sai ta ɗauki 200 tsakanin 1960 da 1967 ta kai su ma'aikatar gyara ta Stendal aka sa musu sababbin tukwane, suka yi aiki har 1988.

To me ya sa ya daɗe? Kai ka fi ni sanin amsar, don tana nan a garejinka. Dubi tsohuwar Marsandi 911 da har yau take ɗaukar itace da shanu. Ba ta da kwamfuta, ba ta da wata waya da za ta rikita ka, kowane yaro ya san cikinta, kuma an yi ta da yawa har in ɗaya ta mutu ta ciyar da goma da kayan jikinta. Haka 52 yake. Abin da aka cire masa don araha shi ne abin da ba zai taɓa lalacewa a jikinsa ba. Mai guduma da walda da injin gurza ƙarfe zai iya riƙe shi. Mutanen Kreka suna da ma'aikatar gyaransu a Bukinje, kwal kuwa nasu ne, daga ƙarƙashin ƙafarsu yake fitowa. A yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995, lokacin da dizal ya yi wuya, injin da ke cin kwal ɗin gida ya nuna ranarsa. Sai dai in ka tambaye ni nawa ne a jikin wanda kuka gani ya fito daga masana'anta a zamanin yaƙi, zan ce ka tambayi mai 911 nawa ne a jikin motarsa ya zo daga Jamus. Bututan tukunya an sauya su ba adadi, bandejin ƙafa an sauya, metal an sake zubawa. Yabon da za ku yi, ku raba shi biyu, rabi ku ba makanikan Tuzla.

Tambayarka ta ƙarshe: a'a, bai taɓa jan gyaɗar Kano ba. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, ba zai ma zauna a kai ba. Abin dariya, layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa 1,435 ne, da za a kawo shi yau da ya hau daram. Namu na gyaɗa kuwa, karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Gusau. Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin baƙin jirgin da ke ɗaukar gyaɗa da auduga daga Ƙaura Namoda, ya ce yana shan ruwa kamar raƙumi. Ɗalibaina sun tambaye ni me ya sa aka daina amfani da shi alhali muna da kwal a ƙasar nan, na rasa ta cewa. Daga wata malama, Gusau.

Amsa: Amin, Malama, Allah ya jiƙan magabata. Sai dai kakanki ya yi wa jirgin kara, domin raƙumi in ya sha yakan yi kwanaki, shi kuwa wannan bayan 'yan awoyi zai sake neman famfo.

Layin da yake magana ya isa Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929, shekara 18 bayan jirgi ya fara shiga Kano a 1911. Injinan da ni na tarar suna jan kaya, waɗanda na fi sani ciki da waje, su ne ajin da ake sa wa sunayen koguna, kowane da sunan wani kogin ƙasar nan a rubuce a gefensa. Bayan Yaƙin Hitila injinanmu sun gaji, babu kayan gyara, gyaɗa ta yi ta taruwa a Kano ana jiran jirgi. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, wani ɓangare nata jiran tarago ne ya tayar da ita. Sai aka yi odar sababbi daga Ingila, kamfanin Vulcan Foundry ya ƙera na farko a 1948, aka ƙara wasu daga baya. Tsarin ƙafarsu 2-8-2 ne, ƙanana biyu gaba, manya takwas, ƙanana biyu a baya masu tallafe ɗakin wuta mai faɗi, domin kwal ɗin Inugu yana son shimfiɗa. Zanen ya karɓu har reluwen Gabashin Afirka ya ɗauke shi ya yi nasa aji na 29 a kai.

Ki gaya wa ɗalibanki abu uku ne suka kashe shi. Na farko ruwa. A Arewa da rani, samar wa inji dubban litoci a kowace tasha babban aiki ne, ga ruwan rijiya yana barin ƙanzo a cikin tukunya, sai an kashe wuta an wanke ta a kai a kai. Na biyu kwal ɗin kansa. Daga Inugu yake zuwa, jirgi ne zai jawo shi ɗaruruwan kilomita kafin wani jirgin ya ci, kuma a cikin zafin da kwal ke bayarwa, ko kashi ɗaya cikin goma ba ya zama ƙarfin ja, sauran duk sama yake tafiya. Injin dizal ya fara shigowa a 1955, ana murza shi ya tashi, alhali mai tururi sai an yi awoyi ana hura masa wuta tun dare. Na uku yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya yanke mu daga ramukan Inugu. Bayan yaƙin tururi bai sake komawa yadda yake ba, a hankali aka yi ta jere su a bayan loko.

In kin samu hali ki kai yaran tsohuwar tashar jirgi, ki nemi dattijon da ya yi aiki a wurin ya nuna musu inda tankin ruwa da famfon shayar da inji suke. Ki sa su auna da taku daga nan zuwa bakin layi, sannan ki ce su lissafa bokiti nawa ne lita 15,000.